Usur na Biyu

Zuwa ga amaryata mai sanda,

Assalamu alaikum. Ina gwiwa, ina kunne, ina haƙoran nan biyu da suka rage? Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan tari da na kwaso a motar da ta kawo ni, shi ma ya kusa gajiya da ni. Ki gaishe da Kawu da matarsa, amma kada ki ba su takardar nan. Ko kin ba su ma me za su gani? Duk bokonsu, ba mai karanta rubutun allo a gidan sai ke. Gara takarda da waya: ranar da na kira ki na ce na iso lafiya, cewa kika yi wa ya rasu.

Direban da ke kawo miki wannan ya tambaye ni ke wace ce a wurina. Na ce ke da kakata 'ya'yan wa da ƙane ne. Ya ce wannan zumunci ai sai an sa tsani. Na ce to, matata ce, kai dai kai mata.

Na samu aiki. Kada ki tashi rawa, gwiwar ba za ta ɗauka ba. Wani babban ɗaki ne a bayan makarantar gwamnati, ana ce masa ɗakin yamma. In an tashi yara, waɗanda iyayensu ke wurin aiki har magariba sai su shigo nan. Akwai Malama da ke taya su aikin gida, a ba kowa burodi da madara, sai ƙwallo a fili. Hukuma ke biyan komai, har da ni. Malama ta ce duk shekara sai an zauna an duba ko za a ci gaba da ba da kuɗin, don haka in riƙa share wurin kamar gobe za a zo. Aikina buɗewa, shara, rabon burodi, rabon faɗa, kullewa. An rataya mini makulli da usur a wuya, yara na ce mini Mai Usur.

Kin san angonki ba ya zama haka kawai. Na koya musu wasa. In na hango baƙo ya nufo ƙofa sai in busa usur sau ɗaya, dogo. Kafin ki ce me, ɗakin ya zama kango: wasu a kabad, wasu bayan allo, wasu ƙarƙashin tabarmar da aka naɗe. Baƙo ya shigo ya yi ta waige. Sai in busa biyu gajeru, su yi tsalle su fito da ihu, "Ga mu nan!" Mai kawo burodi ya zubar da tire guda. Mai gyaran famfo har yau ba ya gaishe ni. Malama ta hana, amma na ga kafaɗarta na rawa.

Gwanar ɓuya wata 'yar mitsitsiya ce, muna ce mata Mage. Ba ta magana, ko "Ga mu nan" ɗin ba ta yi, sai dai ta fito tana murmushi. Uwarta a masaƙa take aiki. Kafin a buɗe ɗakin nan, da hutun rana take rugowa ta ɗauko ta daga makaranta, ta kulle ta a ɗaki ta waje, ta koma bakin aiki. Rabin yaranmu a dogon benen ma'aikatan nan suke, kuma duk haka ake yi musu a da.

Ni kuma ɗakina a bayan wani shagon taya yake. Katifa, buta, ƙusa ɗaya ta rataye riga. In na kulle ɗakin yamma na dawo, ba na sake buɗe baki sai washegari da azahar. Ran nan na yi wa butata sallama, ba ta amsa ba, na ce ita ma 'yar birni ce.

Ki rubuto. Direban yana dawowa duk ƙarshen mako in motarsa ta yarda.

Angonki,
Mai Usur

Zuwa ga angon da ba ya cefane,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso. Direban ya ba mai gadin benenmu, shi kuma ya turo mini ta ƙarƙashin ƙofa. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Haƙora uku ne, maƙaryaci. Tarin nan ka riƙa shan ruwan ɗumi, ka daina kwana ba riga.

Na karanta har na kusa haddacewa. Wato hukuma ta rasa wanda za ta ba makulli sai kai? Kai da malaminku ya gaji ya ce allonka ya fi ka natsuwa? To Allah ya sa albarka. Ka riƙe aikin da hannu biyu, uwarka da tana raye da ta ji daɗi.

'Yar Magen nan ta tsaya mini a rai. Ka riƙa ba ta gefen burodi mai laushi. Ni ma ai 'yar ajinsu ce. Tun da na zame a matakala, kawunka in zai fita shi da matarsa sai ya murza makulli ta waje, wai don lafiyata. Ina da kujera a bakin taga. Na san duk motar da ke wucewa, na san mai shagon da ke ƙwarar mutane a awo. Amsar nan ma a zare zan ɗaura in zura wa mai gadi ta taga.

Kuma kada ka ɗauka na manta. Bara ka aiko mini cewa ka yi aure, na sa aka sayo mini atamfa, ashe akuyar maƙwabta ka sa wa suna amarya. Na yi alkawari sai na rama. A takarda ka kama ni, a takarda zan kama ka. Ka zauna da shiri.

Uwargidanka, ba amarya ba,
Tsohuwa

Zuwa ga uwargida sarautar taga,

Sallama da gaisuwa. Tari ya tafi. Ina fata gwiwa ta sauka daga mulki. Batun kulle ki, Kawu ya yi daidai, in an bar ki a buɗe wani zai sace mini ke.

Yau na yi wasan da ya fi kowanne, saura kaɗan ya cika. Malama ta kai wani yaro asibiti, ya yanke a ƙafa wurin ƙwallo, ta bar ni da sauran. Ina raba madara sai na hango wani mutum ya sauko daga mota, da jaka a hannu, takalminsa na ƙyalli, yana taka ƙasa kamar za ta bi shi bashi. Na ce yawwa, Allah ya kawo nama. Na busa dogo. Tsohuwa, ba ki ga aiki ba! Har kofunan suka kwashe suka ɓuya da su. Na jawo tsintsiya na jingina, na yi fuskar maraya.

Ya shigo ya ce, "Nan ne ɗakin yamma?"

Na ce nan ne, ranka ya daɗe.

"Ina malamar?"

"Ta fita."

"Yaran fa?"

Na ce, "Waɗanne yara?"

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce ba a kawo yara nan? Na ce, "Ranka ya daɗe, ni dai tun da na zo, daga ni sai ƙadangaru. Su ma ba kullum ba." Wallahi ina jin kabad na rawa a bayana, wani na toshe bakin wani. Na cije leɓe har ya yi jini.

Ya zagaya, ya shafa tebur, ya fito da waya ya ɗauki hoton ɗakin, ya ɗauki kujeru, har ni da tsintsiyata. Na gyara tsayuwa don in fito da kyau. Na kai usur baki ke nan zan busa na biyu, so nake sai ya zo daidai kabad, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya kara a kunne, ya juya, ya fice, mota ta tashi. Ko waige.

Na busa biyu duk da haka. Suka fito suna birgima don dariya, amma ihu ba baƙo ba ya daɗi. Mage ce ta ƙarshe, a cikin kwalin littattafai take, ta naɗe kamar zani. Mun yi shawara ba za mu gaya wa Malama ba, tunda ta hana. Ina jin mai tallan kujeru ne, ko ɗan kwangilar fenti. In ya dawo zan ƙarasa masa.

Mai shagon taya ya yi tafiya, ya bar ni da karensa. Yanzu mu biyu muke cin abinci. Ya fi buta hira.

Naki,
Mai Usur

Zuwa gare ka, ɗan nan,

Gaisuwa a taƙaice, lafiyata lau. Ajiye dariya ka saurare ni.

Marigayi maigidana masinja ne a ofishin hukuma har ya yi ritaya, ka sani. Ya sha gaya mini cewa masu dubawa ba sa aiko da sanarwa. Sukan zaɓi ranar da ba a zata ba, su zo su kaɗai, su yi tambaya biyu, su tafi. Mai tallan kujera ba ya tambayar ina yara. Ɗan kwangilar fenti bango yake kallo. Mutumin da ya ɗauki hoton kujeru ba kowa a kai, wani zai kai wa ya gani.

Kai da bakinka ka ce mini duk shekara ake duba ko za a ci gaba da ba da kuɗin. Ina tsoron ranar ce ta zo ka tarbe ta da tsintsiya.

Yau ɗin nan, ba gobe ba, ka gaya wa Malama komai. Ta yi faɗa, ta zage ka, ba komai. Ku nemo mutumin kafin takardarsa ta wuce teburinsa. In ta wuce, dawo da ita sai an sha wuya.

Ban yi barcin rana ba saboda wannan.

Kakarka

Zuwa ga gwanar ramuwa,

Lafiya ƙalau, ina fata ke ma haka. Kai, Tsohuwa! Saura ƙiris ki kama ni. Har na ajiye burodi na miƙe zan tafi wurin Malama, sai na tuna alkawarinki: a takarda zan kama ka. Na koma na zauna na yi dariya har kare ya fita waje. Har da su "Kakarka", har da jawo marigayi cikin magana! So kike in je in tona wa kaina asiri a banza, Malama ta ƙwace usur, ke kuma ki yi ta dariya a taga. An ƙi. Ki sake dabara.

Yara suna gaishe ki. Na gaya musu ina da mata mai haƙori uku, sun ce in kawo ta su gani. Mage ta zana ki a bayan littafinta, ta yi miki kunne kamar faranti.

Angonki da ba a kamawa

Tsohuwa,

Ina gaisuwa. Motar direban ta lalace, an daɗe ba a je wajenku ba, ban san ko waccan ma ta iso gare ki ba. Ni jikina lafiya.

An rufe ɗakin yamma.

Malama aka kira ofis. Ta dawo ta zauna a kujerar yara, gwiwoyinta har ƙirji, ta ce an ce wurinmu ba ya aiki. Mai dubawa ya zo ya tarar ba yaro ko ɗaya, ma'aikacin wurin ma ya shaida masa ba a zuwa. An nuna mata hoto. Ni ne a ciki, na gyara tsayuwa, da tsintsiya. Kuɗin shekara mai zuwa za a mayar wata unguwa.

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu abin riƙewa. Ta ce, "Na kai musu sunayen yara, sun ce suna kowa na iya rubutawa. Sun fi yarda da idonsu." Sai ta tashi ta shiga tattara kofuna.

Mun gaya wa iyaye da magariba da suka zo ɗauka. Uwar Mage ta juya ta tambayi wata maƙwabciyarta ko tana da kwaɗon da ba ta amfani da shi, nata ya lalace tun da ta daina kullewa.

Makullin yana wuyana har yanzu, an ce in riƙa share wurin kafin a zo kwashe kaya. Ina buɗewa da azahar kamar kullum. In share, in jera kujeru, in zauna. Jiya wani ƙadangare ya shigo ya tsaya a tsakiyar ɗaki yana gyaɗa mini kai.

Kin faɗa mini. Ki gaya mini abin da zan yi yanzu, wallahi zan yi.

Ni ne

Zuwa ga shugaban maƙaryata,

Lafiya lau, gwiwa da sauƙi. Takardunka biyu suka iso tare. Na karanta ta farko na ji haushi, na karanta ta biyu gabana ya faɗi, sai na sake komawa ta farko na gane ka. Wato ka ce ni ce mai dabara, sai ka ɗauki maganata ka gyara ta ka dawo mini da ita don in yi kuka. Har da ƙadangare mai gyaɗa kai! Nan ka yi yawa, ɗan nema. Da ka tsaya a kofuna da na yarda.

Atamfa ɗaya ka ci, ba za ka ci ta biyu ba. Amma dai ka gaya wa Malama zancen mutumin nan, wancan ba wasa nake ba.

Zanen da Mage ta yi, ka yago mini shafin in gani.

Uwargida

Ɗan nan,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau, sai rashin jin ka. Direban ya zo ya koma, ya zo ya koma, mai gadi yana ɗago mini hannu wayam. Ran nan na sa ya tsayar da shi a ƙarƙashin taga, na ce ya ɗaga murya. Ya ce ya gan ka zaune a bakin wani ɗaki a buɗe, kai kaɗai, ka rame, ya yi maka wasa ba ka rama ba.

Kai ba ka rama wasa ba. Nan na san abin da na yi.

Na ɗauko takardarka na sake karantawa. Ba amarya a sama, ba ango a ƙasa. Ina da ido ban gani ba. Ka miƙo hannu na buge shi. Ka yafe wa tsohuwa.

Ka tambaye ni abin yi. Marigayi yakan ce a ofis takarda ba ta da ƙafa, mutum ke da ita. Kada ka aika, kada ka rubuta, bokon ma ba ka da shi. Ka je da kanka ka zauna a bencin ƙofarsu. Za su ce ba ya nan, ka ce za ka jira. Za su ce gobe, ka dawo goben. Ka sa riga mai tsabta, ka bar barkwanci a gida. In ka gan shi kada ka roƙe shi kuɗi, ba a aljihunsa suke ba. Ka roƙe shi ya sake zuwa ya duba, shi ke nan.

Ka ci abinci. Ka amsa mini ko da layi ɗaya ne, ko zagi ne.

Kakarka, da gaske

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina cin abinci. Ban yi fushi ba. Ni na fara ƙin yarda da ke, kin ga mun yi canjaras. Abin da ya hana ni rubutu, in na ɗauki alƙalami sai in ji ba abin dariya, ni kuma ban iya ɗayan rubutun ba. Yau zan gwada.

Na je bencin. Na zauna har masu gadi suka fara aike na sayen ruwa. Ana ce mini ya fita, yana taro, ya tafi duba wani wuri. Rannan da la'asar sai ga takalmin nan mai ƙyalli yana saukowa. Na miƙe. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai ne mai ƙadangaru."

Na gaya masa komai a tsaye a matakala, usur na ɗaya, usur na biyu, wayarsa da ta yi ƙara. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce, "Samari, ka san wurare nawa na je na tarar ana karɓar kuɗin yara, ba yaran? Kowannensu in an kama shi yana da labari. Naka dai ya fi daɗin ji." Na ce ban zo da labari ba, ranka ya daɗe, roƙo na zo yi, ka sake zuwa ka duba. Ya duba agogo. Ya ce hanyar gidansa ce, in shiga mota.

Muna tafiya ina addu'a, don na san abin da za mu tarar. Na buɗe masa ɗakin. Kujeru a jere, ƙasa a share, ba kowa. Ya ce, "Yau ma sun ɓuya?" Ya buɗe kabad da kansa. Ya leƙa kwalin littattafai. Na ce, "Yau ba su ɓuya ba, an ɓoye su. Taka kaɗan za mu yi."

Ban san abin da ya sa ya biyo ni ba. Muka bi ta bayan makaranta, muka tsallake kwata, takalminsa ya ɓaci, muka tsaya a gaban dogon benen ma'aikata. Kin san irinsa: tagogi a jere, kowace da ƙarfe, shanya a rataye. Tsit, sai rediyon wani. Iyaye duk suna masaƙa. Ya ce, "To?"

Na sa usur a baki. Busan farko ma iska ce ta fita. Na sake. Biyu, gajeru.

Shiru. Na ce shi ke nan, na ƙarasa kashe kaina. Sai wani labule ya motsa a hawa na biyu. Sai wani a sama. Sai hannuwa ta tsakanin ƙarafa, sai fuskoki, wasu sun taka bokiti don su kai. Daga sama har ƙasa suka ɗauka, "Ga mu nan! Ga mu nan!" Suna jijjiga ƙarfe suna dariya, sun zaci wasan ne ya biyo su gida. Wani yana ihu, "Mai Usur, ya tsorata? Ya zubar da jakar?"

Ba wanda ya fito, Kaka. Ko ɗaya. Duk ƙofofin ta waje aka kulle.

A taga ta ƙasa, can ƙarshe, ga Mage. Kanta kawai ake gani. Ta riƙo kofin madararmu, ashe tun ranar da suka ɓuya da kofuna ba ta mayar ba. Ta miƙo shi ta cikin ƙarfe. Ta buɗe baki ta ce, "Ga ni nan." Ban taɓa jin muryarta ba sai ranar. Ƙarama ce, a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Mutumin ya fito da waya zai ɗauki hoto, sai ya mayar aljihu. Ya tsaya yana kallo. Can ya ce, "Har ƙarfe nawa suke haka?" Na ce har magariba. Ya sake fito da wayar ya ɗauka.

Ga yadda aka ƙare. Ya sake rubutawa. An riga an raba yawancin kuɗin, abin da ya saura zai buɗe ɗakin kwana uku a mako, sauran ranakun kwaɗo. Malama ta ce a shekara mai zuwa za ta yi ta bin su har a cika. Amma dole a rubuta dalilin da rahoton farko ya zama ƙarya, dalilin kuwa ni ne. Wanda ya yaudari mai dubawa ba ya riƙe makullin hukuma. Malama ta so ta yi gardama, na ce ta bari, kada garin ceto na a sake rufewa.

Na miƙa makulli. Na ciro usur zan miƙa, ta ce, "Wannan ba ya cikin kayan hukuma," ta juya tana gyara allo.

An buɗe shekaranjiya. Wani dattijo aka ɗauka, ba ya dariya, amma an ce yana da kirki. Na bi ta bayan katanga na ji hayaniyarsu, ana faɗa a kan ƙwallo. Ban leƙa ba. In sun gan ni za su nemi wasa, ni kuma na gama.

Mai shagon taya ya dawo ya karɓi karensa. Ya ce zai koya mini faci in ina so. Ga shafin da kika ce in yago, uwar Mage ta ba ni. Kunnen ya fi naki kyau.

Jikanki

Zuwa ga angona,

Wa alaikumus salam. Gwiwa lafiya, ido ne ya ɗan yi ruwa, tsufa ne, kada ka yi wani fassara. Zanen na liƙa shi a jikin taga. Yarinyar ta cuce ni a kunne amma ta ba ni haƙora cike da baki, na yafe.

Kwana uku ba bakwai ba ne, amma ranar da ka je bencin nan ba ko ɗaya. Ka ɓata, ka gyara abin da ya gyaru. Ya isa haka, kada ka yi ta tauna shi.

Na karanta wa kawunka takardarka. Dole ya zauna, tunda shi ba ya iya karanta rubutun allo. Da na zo wurin ƙofofin da aka kulle ta waje sai na ajiye takardar na dube shi. Ya dubi matarsa, ita ta dubi ƙasa. Washegari ya dawo daga aiki ya ajiye mini makulli a kan kujerata, sabon yanka, har yana kartar hannu. Ya ce amma kada in sauka matakala ni kaɗai, sai da mai riƙe ni.

To ga makulli, ba mai riƙewa. Faci kuma a nan ma ana yi, akwai masu taya a bakin titinmu, ina ganinsu kullum, ba su fi ka hankali ba. Akwai ɗakin ajiya da kawunka ya ce za a iya fitar da tarkacen. Ban ce dole ba. In birninku ya fi maka, ka zauna, mu ci gaba da wahalar da direba.

In kuwa ka tashi zuwa, kada ka ƙwanƙwasa, ba zan ji ba. Kada ka yi sallama, zan ce wa ya rasu. Ka tsaya a ƙarƙashin tagar da ke da zane, ka busa biyu, gajeru. Wannan kunnen zai ji.

Amaryarka mai sanda